Sabis ɗin Motar Hedimasta

Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, kuma ina roƙon mai karatu kada ya fara dariya tun yanzu, domin aji huɗun da ba irin na yau ba ne. A zamaninmu ɗan aji huɗu yana rubuta wa kakarsa wasiƙa, ya karanta mata amsa, har ya ƙara abin da ba a rubuta ba don ta ji daɗi. Da mahaifina bai cire ni ya kai ni gareji ba, da wataƙila yanzu ni nake gyara wa Turawa Turancinsu. To, Allah bai nufa ba. Na ƙare a ƙarƙashin mota a unguwar Dilimi, kuma a cikin Turancin duniya kaf kalma ɗaya ce ta zama rabona. Ita na ci, ita na sha, da ita na yi aure na aurar. Kalmar ita ce sabis.

A gareji idan an ce sabis an san abin da ake nufi. A juye baƙin mai, a canza filta, a wanke fulogi, a hura kafireta, a leƙa birki, a ɗaure abin da ya kwance. Har na tara gemu ina tsammanin iyakar kalmar ke nan, kuma mu makanikai muka mallake ta. Wanda ya fara ruguza mini wannan tunani shi ne Hedimasta.

Hedimasta ɗan asalin duwatsun nan ne, Kirista, siriri mai tabarau, shugaban wata makarantar firamare, gidansa can wajen Tina Junction. Ranar da na fara ganinsa turo masa tsohuwar motarsa aka yi har ƙofar garejina, yana riƙe da sitiyari yana ba masu turin umarni kamar 'yan ajinsa. Na tayar masa da ita. Na ce akwai sauran aiki, ya dawo gobe Lahadi.

Ya ce, “Gobe ba zai yiwu ba, ina da sabis.”

Na ajiye sifana. Na ce, “A wane gareji? Wa zai taɓa motar da ni na tayar?”

Ya dube ni ta saman tabarau, ya yi dariya har da riƙe ciki. Coci yake nufi. Kun ga ke nan tun ranar farko da kishi na fara da mutumin nan, ban kuwa san ko sunansa ba tukuna.

Daga nan ya zama nawa. Asabar ɗin farko ta kowane wata motarsa tana ƙofata da hantsi, ko tana ciwo ko lafiyarta lau. Yakan zo da kular gwate da matarsa ta dama, mai ɗan tsami da ganye da wake, ni kuma uwargida ta aiko da masa. Akwai kujerar bayan wata mota da na ciro na jingina da bango, a kanta muke zama bayan na gama aiki. Shi yana ce mini Injiniya don tsiya, ni ina ce masa Hedimasta don ba shi da wani suna da ya fi wannan dacewa da shi. Yana gyara mini Turanci, ina gyara masa Hausa. Shekara talatin ina gaya masa mota mace ce, shi kuwa har gobe “motan ya ƙi tashi” yake cewa. Babu wanda ya ci nasara a kan wani.

A kan kujerar nan na gano kalmar da nake taƙama da ita ba tawa ba ce ni kaɗai. Aikin gwamnatin da yake yi, in ji shi, sabis ne. Da babban ɗansa ya gama jami'a aka tura shi kudu bautar ƙasa, sai ya ce yaro ya tafi sabis. Muka je cin abinci wata rana, matar ta bar mu zaune, ya ce wurin nan ba su iya sabis ba. A kulob ɗin malamai, in mutum ya fara buga ƙwallon tebur, wai shi ma ya yi sabis. Da wayar hannu ta zo gari, sai ga ta da nata, wanda ake hawa dutse ana ɗaga hannu sama ana nema. Na je cire kuɗi a injin banki, mai gadi ya ce yau ba ya sabis. Na ce to a kawo mini shi gareji mana.

Ni dai fatawata ita ce Turawa marowata ne. Mu muna da ibada, muna da aikin gwamnati, muna da bautar ƙasa, da gyara, da hidimar baƙi, kowanne da sunansa na yanka. Su kuwa kamar mutum mai wando ɗaya, da shi za a je coci, da shi za a je ofis, da shi za a kwanta ƙarƙashin mota.

Hedimasta ya ce, “Injiniya, ba rowa ba ne, hikima ne. Duk abu ɗaya ne a ƙasa. Ka yi wa wani aiki don ya ci gaba da tafiya.”

Na ce, “To wa wayarka take yi wa aiki in ta ɗauke a tsakiyar magana?”

Ya ce shi ya sa ake cewa babu. Na ce wannan amsar 'yan aji uku ce, ni na wuce nan.

Akwai shekarun da garin nan ya yamutse, kowa ya koma ɓangaren da ake kiran sunan Allah irin nasa. Ba zan tona wannan ba, waɗanda suka gani sun sani. Abin da zan faɗa kawai shi ne masu kawo mini mota daga can ɓangaren suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ban kuma ga laifinsu ba. Ban da Hedimasta. Da ƙura ta lafa, Asabar ɗin farko, sai ga tsohuwar motar tana tari a bakin layi. Ban ce masa ya aka yi ka zo ba, shi ma bai ce ya kuka kwana da abin da ya faru ba. Cewa ya yi lokacin juye mai ya yi. Daga baya na fahimci abin da yake faɗa wa iyalinsa ke nan in sun hana shi fita: mota tana bukatar sabis, kuma mutum ɗaya ne ya san cikinta. Mu irin mazan da ne, ba mu iya tashi mu ce na zo ne don ina son ganinka ba. Sai da dalili. Motar nan ita ce dalilinmu, ba mu da wani.

Kowane bakanike na gaske yana da alamarsa. Wani yana ɗaura siririyar waya, wani yana yin zane da ƙusa. Ni in na ɗaure notin da ke ƙasan inji, wanda ake kwancewa a juye mai, sai in ɗiga masa jan fenti, rabi a kan noti rabi a jikin ƙarfe. In wani hannu ya taɓa, ɗigon zai rabu biyu. Shekara talatin ina shiga ƙarƙashin motar Hedimasta ina tarar da ɗigona yadda na bar shi. Ban taɓa gaya masa ba. Amma duk lokacin da na gani sai in ji wani sanyi a raina, irin wanda ba a faɗa wa mutane.

Sai ya cika shekara talatin da biyar yana aiki, aka yi masa bikin sallama, aka ba shi wani allo mai ƙyalli wai na dogon sabis. Na je, na zauna a layi na biyu, na tafa. A hanyar dawowa na ce wa uwargida ni ma fa na fi shekara arba'in ina sabis, kuma nawa ana ganinsa a farce, amma ko takardar kalanda ba a ba ni ba. Ta ce in na matsu ta sa jika ya rubuta mini a kwali. Wannan ƙaramin kishi ne, ya wuce kafin mu isa gida. Babban yana tafe.

Hedimasta yana da 'ya, ma'aikaciyar jinya. Na san ta tun tana zama a kan kujerar garejina ƙafarta ba ta kai ƙasa. Ita ta ga tsohuwar motar ta ishe ta, ta sa aka sayar, ta sayo wa ubanta Beljiyam, wato irin waɗanda Turawa suka gama hawa suka turo mana. Ruwan toka, mai giya da kanta. Ya kawo mini ita yana ta murmushi kamar ango. Na buɗe bonet, na tsaya. Babu kafireta. Komai an rufe da baƙar roba, wayoyi kamar taliya. Na yi gyaran murya na ce, “Eh, na san irinta.”

Sai na yi mata abin da muke yi wa kowace baƙuwar mota. A bakin bututun da ke kai ruwa lagireto akwai wani ɗan ƙarfe mai murfi, muna ce masa tamosta. Aikinsa ya tare ruwa har sai inji ya ɗauki ɗumi. Ogana ya koya mini, shi ma ogansa ya koya masa, cewa wannan abu don ƙasar ƙanƙara aka yi shi. Nan ƙasar zafi ce, in ka bar shi inji zai dahu. Saboda haka ka cire shi ka jefa a gwangwani, sannan ka haɗa fanka kai tsaye, da an murɗa makulli ta fara juyawa. Haka na yi. A watan Agusta ne, ana yayyafi tun asuba, ina sanye da rigar sanyi biyu da hular ulu, haƙorana suna haɗuwa, ina yi wa Hedimasta bayanin cewa nan ƙasar zafi ce. Shi ma yana rawar ɗari yana gyaɗa kai. Babu ɗayanmu da ya tuna a Jos muke.

Wata na zagayowa ya ce, “Injiniya, motan yana shan mai kamar an huda shi. Kuma wani fitila ya kama a gaba, ruwan ɗorawa.”

Na leƙa. Wata 'yar fitila ce mai hoton inji. Na ce masa motocin Turawa haka suke, shagwaɓa gare su, abu kaɗan sai su kunna fitila. Na yanko baƙin salatif na liƙe a kanta. Na ce, “Kana ganinta yanzu?” Ya ce a'a. Na ce to an gama. Muka ci gwate.

Asabar ɗin farko ta watan da ya biyo baya ita ce ranar da nake son ba da labari. Ya iso kamar kullum, sai dai gaisuwarsa ta yi tsawo, har da tambayar jikokin da bai taɓa tambaya ba. Na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashi. Ɗigona ya rabu. Rabi yana nan, rabi ya juya can gefe. An ɗaure notin da wani irin ɗauri mai tsafta, ba na hannu ba. Filtar sabuwa ce fil, ba irin wadda nake sa wa ba. Na daɗe a kwance ina kallon jan fentin nan. Da na fito na lura da sauran: an ɓare salatif ɗina, fitilar a mace, ga wata 'yar takarda an manna a kusurwar gilashi da sunan wani wuri da ranar da za a koma. Na murɗa makulli, fanka ta yi shiru. An mayar da abin da na cire.

Na ce, “Hedimasta, wa ya shiga?”

Ya cire tabarau yana gogewa. Ya ce, “Yarinyan ne. Ka san halin yaran yanzu. Ta ɗauki motan zuwa aiki, sai kawai ta wuce da shi wurin masu kwamfuta. Ban sani ba sai da ta dawo.”

“Ba ka sani ba.”

“Allah ya sani ban sani ba.”

“To me ya kawo ta nan? Ai an yi mata sabis. Na kwamfuta ma.”

“Yau Asabar na farko ne, Injiniya.”

A sana'armu akwai doka, ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta. Motar da aka kai wani gareji aka dawo da ita, ba a ƙinta, amma bayan layi take komawa, sai an gama da masu amana. Na ce masa ya jira, akwai motoci a gabansa. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Babu komai a filin sai akuyar maƙwabta da wata tsohuwar taya. Ya je ya zauna a kan kujerarmu, ya ɗora kular a cinya. Ni kuwa na ɗauko wata matacciyar kafireta da ta shekara biyu a kan benci, na warware ta, na shiga wanke ta da fetur kamar mai ita yana tsaye a kaina. Masa ta iso daga gida, na ce a ajiye a can. Ya yi awa guda cur. Sannan ya tashi, ya ce, “To, sai an jima,” ya tafi da gwatensa ba a buɗe ba.

Da na koma gida na ba uwargida labari, ina jiran ta ce na yi daidai. Ta ce, “Malam, kai da ka ɓata mota, kai ne kuma da fushi?”

Na ce ban ɓata ba, na daidaita ta da yanayin ƙasa ne.

Ta ce, “Tsofai-tsofai da kai kana kishi a kan noti.”

Na ce wannan magana ce ta sana'a, ba ta shiga hurumin mata ba. Ta ce to Allah ya ba sana'a haƙuri.

Sau biyu ya kira ni a waya. Ina jin muryarsa tas, har da kukan zakaran gidansa. Na riƙa cewa, “Halo? Halo? Ba na ji, ba sabis!” Uwargida ta leƙo ta kafaɗata ta ce da ƙarfi, yadda na tabbata ya ji, “Ga shi nan sanda huɗu a cike.” Bai sake kira ba.

Asabar ɗin farko ta zo ta wuce. Na ce a raina fushi yake, zai huce. Ta wata na biyu ta zo, na share gaban gareji tun da safe, na kuma ce wa mai waldan da ke kusa da ni don tsafta na yi. Ta uku na ce wa uwargida ta daina aiko da masa, mai yana tayar mini da zuciya. Abin da ya fi cin raina ba rashin motar ba ne. Tambaya ce ɗaya take yawo a kaina: yanzu a ina yake zama? Da wa yake musu? In ya samo sabuwar ma'anar sabis, wa yake kai wa?

A ta huɗu na yi wanka, na sa kayan Juma'a, na hau keke mai ƙafa uku. Sunan wurin da unguwar suna kaina tun ranar da na gani a gilashi, kallo ɗaya na yi musu. Ku ce aji huɗu ba karatu ba ne. Na ce wa uwargida zan je kasuwar Katako duba katakon gyaran benci. Ta ce in gaishe da katakon, in ce masa tana gaishe da matarsa.

Wurin ko gareji ba za ka ce masa ba. Ƙasa shafe da tayil, babu ɗigon mai ko ɗaya. Wani ƙarfe yana ɗaga mota sama, mutum ya shiga ƙarƙashinta a tsaye, ba kwali ba ciwon baya. A gefe ga ɗaki na gilashi mai kujerun soso da talabijin. Na tsaya a bayan wata babbar mota ina leƙe kamar ɓarawo. Ga motar ruwan toka a sama. Ga Hedimasta a cikin ɗakin gilashi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ɗaga yatsa yana bayani. A gabansa wani mutum ne da bai wuce talatin da biyar ba, cikin shuɗin kayan aiki masu karin guga. A tsakaninsu kuwa, a kan tebur, kular gwate ce a buɗe. Kular da na sani. Ni na ɗaure mata hannu da waya lokacin da ya karye.

Jama'a, na ga mutane sun ƙwace mini masu kawo mota, na ga an buɗe gareji a gabana an rage farashi, ban taɓa jin abin da na ji a ranar ba. Na so in juya in tafi, amma ƙafata ta kai ni har bakin ƙofar.

Hedimasta ya ɗago. Ya ce, “Injiniya!” ya miƙe har tabarau na zamewa. Mai shuɗin kayan ya taso da sauri ya rusuna.

“Baba, kai ne na Dilimi? Sannu da zuwa. Kullum maganarka ake yi a nan.”

Na ce wucewa nake yi, na ga wuri na ce bari in ga yadda yara suke wasa. Bai ji haushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya ja ni wurin motar, ya nuna mini kwamfutarsa da wata igiya da ya soka a ƙarƙashin sitiyari. Ya yi mini bayani a hankali, cikin ladabi. Ya ce wannan injin yana da ƙwaƙwalwa, kuma in yana da sanyi ƙwaƙwalwar tana ƙara masa mai don ya ɗumama. Da aka cire tamosta aka bar fanka tana ta hurawa, a garin da dama sanyi ne, sai injin ya kasa ɗumi. Ita kuma ƙwaƙwalwar kullum tana zaton yanzu aka tayar da shi da asuba, tana ta zuba mai daga safe har yamma.

“Ba laifinka ba ne, Baba. Haka aka koya wa kowa. Babana ma haka yake yi.”

Na ce, “Eh, dama na yi zargin haka, ina gwada ta ne.”

Na ɗan tsaya ina jira. A labaran da ake bayarwa, a nan ne ake samun wata mota da ta gagari kwamfuta, a ce tsoho ya zo ya kara kunne, ya faɗi ciwon, kowa ya yi shiru. Na duba duk motocin da ke wurin. Babu irin wannan motar. Kowacce lafiya lau take tafiya, abin baƙin ciki.

Hedimasta ya biyo ni waje. Muka tsaya a gefen titi, kowa yana kallon wani wuri.

Na ce, “Har da gwate.”

Ya ce, “To in kai wa wa? Na kawo maka, ka bar ni da akuya.”

“Ka samu wuri mai soso.”

“Soso!” Ya yi tsaki. “Yaron nan da cokali yake cin gwate, ido a kan waya. Duk abin da na faɗa sai ya ce haka ne, sa. Ran nan da gangan na gaya masa ƙarya, na ce daga Faransanci aka samo kalman makaniki kuma ma'anansa mai ɓata abu. Ya ce haka ne, sa. Wata huɗu ban samu wanda ya ce mini ƙarya nake yi ba.”

Na ce ai ƙarya yake yi. Ya ce ya sani, shi ya sa ya faɗa.

Sai ya gaya mini sauran, ba tare da ya sassauta ba. Ya ce 'yarsa ta rantse hannuna ba zai sake shiga injin nan ba, ita ta saya, kuma gaskiyarta ne. Ya ce ba zai yi mini alkawarin abin da ba zai iya ba. Motar ta tafi, ta zama ta mai shuɗin kaya. Na ji maganar har cikin ƙashina, amma ban musa ba, karo na farko a tarihinmu.

Na ce, “To ka riƙa zuwa haka nan mana.”

Ya ce, “Haka nan? In ce musu na tafi Dilimi yin me?”

Na tare keke na hau. Ko sallama mai kyau ba mu yi ba.

Asabar ɗin farko ta wata mai zuwa ban share ko'ina ba. Ina zaune ina jin rediyo sai ga ruwan toka ta shigo layi a hankali. 'Yar ce take tuƙi. Ta fito ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba tun tana ƙarama, sannan ta miƙe ta nuna bonet da makulli.

“Baba, don girman Allah, ko buɗewa.”

Na ce ni da nake da ayyuka jibge, ina na ga lokacin motar roba.

Ta buɗe but. A ciki akwai wani tsohon injin ban-ruwa, ja, duk laka, irin wanda masu noman rani suke jan ruwa da shi daga tsofaffin ramukan kuza. Hedimasta ya ce tun da ya bar aiki yake ɗan noman kabeji a bayan gari, injin na wani ƙaninsa ne, kuma yana wahalar tashi. Muka sauke shi mu uku. Na durƙusa na duba. Kafireta ce da shi, ta gaske, mai kwano da allura, irin wadda zan iya warwarewa ido a rufe. Na ce aikin babba ne, ba zai ƙare yau ba, kuma irin wannan injin in ana son ya daɗe sai an riƙa kawo shi duk wata. Hedimasta ya ce shi ma abin da ya yi tunani ke nan. 'Yar ta dube ni, ta dubi ubanta, ta ce za ta shiga kasuwa, za ta dawo ɗaukarsa bayan azahar, kuma ta tafi da makullin.

Yau wata na takwas ke nan ina yi wa injin ban-ruwa sabis. Lafiyarsa ƙalau, ja ɗaya yake tashi. Motar kuwa tana tsayawa a ƙofata a kulle, awa uku, rana tana dukan gilashinta. Duk bayan wata uku takardar kusurwar tana canzawa, da sabon rubutu na hannun mutumin nan. Ba na kallonta. In Hedimasta ya shiga bayan gareji kama ruwa ne kawai nake ɗan zagayawa in kara kunne a jikin bonet, ko zan ji wani abu ya kwance. Har yanzu dai shiru, amma ina da haƙuri.